Daɗin kaya tun kafin ya iso yake farawa

Ka taɓa yin odar waya ko takalmi a intanet, ka yi ta leƙa inda kayan suka kwana sau goma a rana, ranar da suka iso ka yage kwali da rawar jiki, bayan awa biyu kuma ka ji shiru kamar an ɗauke ruwa? Wannan ba butulci ba ne fa. Ni a ganina rabin kuɗin da muke biya na ɗoki ne, kayan rakiya kawai suka yi.

A wani bincike da ya fito a 2010, masani Jeroen Nawijn da abokan aikinsa sun bibiyi mutum 1,530 a ƙasar Holan, suka ga masu shirin tafiya hutu sun fi na gida farin ciki tun kafin a tashi, amma da aka dawo yawancinsu babu wani bambanci da wanda bai je ko'ina ba.

Rashin tabbas kuwa shi ke ƙara wa ɗokin armashi. Masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz da abokansa sun gwada da birai, a 2003 suka nuna ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da ɗokin samun abu, sun fi motsawa lokacin jira idan samu da rashi suka zo rabi da rabi. Shi ya sa nake tausayin mutumin da sai ya kalli bidiyon buɗe kwali ashirin, ya karanta sharhin kowa, ya san kowane lungu na otal ɗin da zai sauka kafin ya taka ƙafa, to me kuma ya rage ya gani?

Amma fa ba kowa ke iya zama da duhun kai ba, wani in bai san abin da zai tarar ba ko barci ba ya yi, kuma yana da hujja, don a 2011 an yi gwaji a jami'ar Kalifoniya ta San Diyego, waɗanda aka faɗa wa ƙarshen labari tun farko ma sun ɗan fi jin daɗin karatun.

Inda nake da ja shi ne masu sayar da rashin tabbas ɗin kansa. Kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin yana sa 'yar tsanar Labubu a rufaffen kwali, ba ka san wacce za ta fito ba sai ka biya, in ba wadda kake so ba ce ka sake saye, ka sake. Ɗokin jiran kayan da ka zaɓa da kanka daban, wannan kam ƙanwar caca ce.