Ɗigar ruwa a Golf ba kullum laifin lagireto ba ne

Da zarar mai Golf 3 ko Golf 4 ya ga ruwa a ƙarƙashin motarsa, sai ya yanke hukunci lagireto ya fashe, ya kama hanyar kasuwar kayan mota ta Apo a Abuja da kuɗin sabo a aljihu. Sau da yawa lagireton lafiyarsa ƙalau.

Leƙa gefen kan injin, ta wajen giya. Akwai wani bututun roba mai baki-baki da tiyoyin ruwa ke haɗuwa a kansa, shi makanikai ke kira filanji. Zafin shekaru ke gasa robar har ta tsage, ko zoben roba mai hana yoyo da ke ƙarƙashinta ya bushe. Farin ɓawo ko jan tabo a wajen, shi ne shaidarka.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu lafta masa gam. Gam ba ya riƙe tsagaggiyar roba idan ruwa ya tafasa.

A gida ma za ka iya canza shi. Bari injin ya huce sarai, zubar da ruwan, cire tiyoyin, goge mazaunin tas, sa sabon filanji da sabon zobe. Kusoshin kuwa a hankali, ɗaurin ƙarfi fasa sabon yake yi.