A fara koya wa ɗan koyo gwaji kafin a miƙa masa sukundireba

Wata bakwai ke nan ina koyon gyaran na'urorin asibiti, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ra'ayina shi ne, duk ɗakin gyaran da ya karɓi ɗan koyo, ya kamata ya fara sa na'urar gwaji a hannunsa tun kafin ya ba shi sukundireba da filaya. Yawancinmu mun shigo wannan sana'a da tunanin mai gyaran rediyo ko fanka, wanda aikinsa ya kammala da zarar abu ya tashi yana ƙara ko yana juyawa. A asibiti kuwa na'ura tana iya tashi, fitilunta su kama, ƙararta ta yi daidai, alhali abin da take ba majinyaci ba shi ne abin da likita ya rubuta ba.

Na fahimci haka ne a kan wata na'urar samar da iskar oksijin da aka kawo mana daga ɗakin yara a wata na biyu da zuwana. An ce ta mutu ɗungurungum. Na sa safar hannu na goge jikinta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin duk abin da ya fito daga ɗakin majinyata ba a taɓa shi haka kawai, sannan na buɗe ta. Fiyus ya ƙone, matatar iskar da ke bayanta kuma ƙura ta toshe ta har ta yi kauri kamar tsumma. Na canza fiyus, na wanke matatar na shanya ta, na mayar, na kunna. Injin ya ɗauka, 'yar ƙwallon da ke cikin gilashin awo ta tashi ta tsaya cak a kan lita 5 a minti ɗaya, na kara bayan hannuna a bakin bututun na ji iska tana busowa. Farin cikin da na yi a lokacin ba ya misaltuwa, har na fara naɗe wayarta zan tura ta in mayar.

Maigidana yana zaune yana kallona bai ce uffan ba, sai da na kai bakin ƙofa ya ce, "Yaro, me ke fitowa daga bututun nan?" Na ce, "Oksijin, ranka ya daɗe." Ya ce, "Wa ya gaya maka?" Ya buɗe kabad ya ɗauko ma'aunin oksijin, ya haɗa, muka jira na'urar ta yi 'yan mintoci tana aiki. Lambar ta hau ta tsaya a 58, ta ƙi gaba.

Ga abin da ban sani ba a ranar. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin, kusan kashi 78 kuma naitirojin. Wannan na'ura ba ƙera oksijin take yi ba, tacewa take yi: injin yana matsa iska ta cikin wasu bututu biyu cike da ƙananan ƙwayoyin wani ma'adini mai suna ziyolait, wanda ke riƙe naitirojin ya bar oksijin ya wuce, ɗaya yana tacewa yayin da ɗayan ke fitar da abin da ya riƙe. Lafiyayyar na'ura tana ba da kashi 90 ko fiye, kuma ana tsara ƙararrawar gargaɗi ta buga idan ya faɗi ƙasa da 82. Amma idan danshi ya shiga ƙwayoyin nan, sun lalace ke nan, iska za ta ci gaba da fitowa da ƙarfinta, ƙwallo za ta tsaya a inda aka sa ta, sai dai oksijin ɗin ya ragu. A wannan na'urar abin da ke buga ƙararrawar ma ya mutu. Da na mayar da ita, da an sa wa yaron da ke fama da numfashi, kowa yana ganin an ba shi abin da yake buƙata. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a nan ido bai san komai ba, hanci ma bai sani ba, domin oksijin ba shi da launi ba shi da wari.

Tun daga ranar na fara ganin wannan tarko a ko'ina. Tukunyar da ake turara kayan tiyata dole ta kai digiri 121 ta zauna minti 15, ko 134 ta zauna minti 3, kuma idan iska ta maƙale a ciki ba ta fita ba, allurar matsi za ta iya nuna daidai alhali tururin bai ratsa cikin ƙunshin kayan ba. Ma'aunin hawan jini mai allura kuskuren da ake yafe masa bai wuce maki 3 ba, amma faɗuwa ɗaya a ƙasa tana iya karkatar da shi, a ɗora wa lafiyayye magani ko a sallami marar lafiya. Na'urar da wayarta ke kaiwa ga zuciya kuwa, wutar da aka yarda ta zurara daga gare ta ba ta wuce maikuro'amfa 10 ba (ma'aunin wutar lantarki 'yar mitsitsiya), abin da fatar mutum ba za ta taɓa jin sa ba.

Ba ina raina aikin hannu ba ne. Iya narka dalma a haɗa waya da kyau, da iya kwance na'ura ba tare da karya maƙalanta ba, da sanin cewa na'urar farfaɗo da zuciya tana ajiye wuta mai kisa a cikinta ko bayan an cire ta daga soket, duk waɗannan sai an daɗe ana yi hannu yake faɗawa. Amma gaskiyar ita ce kaso mai yawa na lalacewar da ake kawo mana ƙanana ne: waya ta tsinke, batir ya mutu, roba ta tsage, bututu ya toshe. Ɗan koyo yana iya gyara irin waɗannan cikin 'yan makonni, kuma a nan haɗarin yake, domin yabo yana zuwa masa da wuri, ya fara jin ya iya, tun bai san yadda ake tabbatar da abin da ya gyara ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda a wasu wurare ake kulle na'urorin gwaji a kabad, a ce suna da tsada kada yara su lalata, sai ɗan koyo ya shekara yana tura kayan da suka lalace daga ɗaki zuwa ɗaki yana miƙa sifana. Na san suna da tsada, na kuma san su ma sai an riƙa aika su ana daidaita su. Sai dai wanda aka hana shi riƙe ma'auni a gaban malaminsa, wata rana zai tsinci kansa shi kaɗai da dare a gaban kwalbar jariri bakwaini, ma'aikaciyar jinya tana tambayarsa ko za ta iya sa jaririn, kuma zai amsa mata da abin da idonsa ya gani kawai. Ni na yi sa'ar maigida mai buɗe kabad, kuma shi ya koya mini in fara da tambayar, "Sista, yaya take yi kafin ta tsaya?" sannan in rubuta duk lambar da na auna a katin na'urar, da kwanan wata.

Waccan na'urar oksijin ta yi makonni a kan kantar ɗakin gyara da jan kati a wuyanta, wanda ya hana kowa ɗauka, har sababbin bututun tacewa suka iso. Ni na ɗaura su, maigidana yana tsaye a kaina. Na auna a kan lita 1 na samu 95, a kan lita 3 na samu 94, a kan lita 5 na samu 92. Na rubuta lambobin uku a katin, ya karɓa ya duba, ya sa hannu, sannan ya nuna mini layin da ke ƙasa da nasa ya ce in sa nawa.