Kafin a yanka gindin duwatsun Bauchi, a tsare hanyoyin hawansu

Duk wanda ya saba fita bayan sallar asuba a garin Bauchi, musamman ranar Asabar, ya san cewa masu motsa jiki sun ƙaru. Akwai ma'aikatan da likita ya yi wa kashedi a kan hawan jini ko ciwon suga, akwai ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da 'yan ƙwallon unguwa, wasu suna sassarfa a gefen kwalta suna kauce wa tifa da Keke Napep, wasu kuma suna zagaya filin wasa har su gaji. Abin mamaki shi ne garin da suke shan wannan hayaƙi a cikinsa kewaye yake da duwatsu. Ga Warinje, ga duwatsun Gudum da na Guru, ga wanda unguwar Dutsen Tanshi ta samo sunanta daga gare shi, sannan idan aka miƙa hanyar Jos ga Zaranda yana tsaye. Wanda ya ƙara gaba zuwa Dass zai tarar da Dutsen Mbula ya yi wa garin rumfa.

Ra'ayina shi ne, abin da ya fi gaggawa game da waɗannan duwatsu ba gina wurin shaƙatawa ba ne, ba kuma shirya gasar tsere ba ne. Abu na farko shi ne gwamnati ta amince a rubuce cewa hanyoyin ƙafa da ke hawa kansu hanyoyi ne na jama'a, ta auna su, ta sanya su a taswirar gari, kafin filaye da masu fasa dutse su rufe su. Sauran abubuwa duka suna iya jira, wannan kuwa ba zai jira ba.

Dalili shi ne hanyoyin suna nan tun da daɗewa, ba sai an ba da kwangilar sare su ba. Makiyayi da ke kora awaki, da matan da ke hawa neman itace, da mafarauta, da manomin da ke da 'yar gona a kwarin da ke bayan dutse, su ne suka tattake su shekara da shekaru. Kuma ƙafar waɗannan mutane ba ta yin kuskure wajen zaɓen hanya. Turbar da suka bari ba ta hawa dutse kai tsaye, sai ta karkace ta bi gefe, ta kauce wa falalen da ke santsi idan an yi ruwa, ta ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu inda mutum ɗaya kawai zai iya wucewa, ta ɓulla gindin wata tsamiya ko ƙirya inda ake sauke kaya a huta. Injiniyan da aka ɗauko daga wani gari zai yi makonni yana awo kafin ya gano abin da waɗannan mutane suka sani tun suna yara.

Matsalar tana gindin dutsen ne. Garin Bauchi yana faɗaɗa ta kowace kusurwa tun da ya zama babban birnin jiha a 1976, kuma wanda ya san bayan gari shekaru ashirin da suka wuce ya san gonaki da yawa sun zama unguwanni. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: mai gona ya sayar, dillali ya yanka fegi-fegi har jikin dutsen domin kada taku ɗaya ya tafi a banza, mai saye ya zagaye nasa da katanga, maƙwabcinsa ya haɗa tasa da ita. Babu wanda ya yi niyyar toshe hanya a cikinsu, amma ranar da katangar ƙarshe ta tashi, dutsen ya zama na masu gidajen da ke jingine da shi. A ɗaya gefen kuma ga masu fasa dutse, daga mata da yara masu guduma da ke tara tsakuwa a bakin hanya har zuwa kamfanonin da ke sa nakiya. Ba na cikin masu cewa a hana fasa dutse, domin da tsakuwar ake gina gidajenmu da titunanmu, kuma mutane da yawa da ita suke ci. Abin da nake cewa shi ne a ware: wannan na fasawa ne, wancan kuwa ba a taɓa shi.

Doka ba ta hana yin haka ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma ta ba shi ikon ware fili domin amfanin jama'a. Gaskiya ne lasisin ma'adinai da na manyan wuraren fasa dutse daga gwamnatin tarayya yake fitowa, a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, amma jihar da ta riga ta sanya wuri a taswirarta a matsayin wurin jama'a tana da bakin magana idan an zo neman lasisi a kansa, saɓanin wadda ta yi shiru sai da injuna suka iso. Mu a arewa mun riga mun ga abin da ke faruwa idan aka bar hanyar da kowa ya sani ba tare da an kare ta ba, domin haka aka yi da burtali: kowa ya san inda yake, babu wanda ya tsare shi, aka nome shi kaɗan-kaɗan, yau kuma rigimar da ta biyo baya ta fi ƙarfin dagaci da hakimi.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci, wa ke ta hawan dutse? Tambayar tana da nauyi, amma amsarta tana asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, kuma mutumin birni da ke fita daga gida ya hau babur, ya sauka ya zauna a shago ko ofis har la'asar, da wuya ya samu rabin haka. Wuraren motsa jiki na zamani kuɗi ake biya, maganin hawan jini kuma kullum ƙara tsada yake yi. Hanyar dutse kyauta ce, kuma hawan rabin sa'a yana sa zuciya da huhu aikin da doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba za ta sa su ba. Talaka ne ma ya fi bukatarta, domin mai hali yana da injin gudu a ɗakinsa.

Akwai kuma masu ganin cewa hanyar da za a bi ita ce a shirya babbar gasa a gayyato baƙi. Ya kamata su dubi Obudu. Gwamnatin Kuros Riba ta fara tseren hawan dutse a can a 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, tafiyar kimanin kilomita 11 zuwa sama, da kyautar dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya, abin da ya jawo gwanayen gudu daga Habasha da wasu ƙasashe. An yi shekaru ana yi, sunan wurin ya zagaya duniya, daga baya gwamnati ta sauya, gasar ta yi shiru. Abin da ya dogara da sha'awar gwamna ɗaya tare da shi yake sauka. Haka kuma kada mu yaudari kanmu cewa Bauchi za ta zama Iten ta ƙasar Kenya, inda zakarun duniya ke atisaye a tsayin kusan mita 2,400 daga teku. Garin Bauchi bai wuce mita 600 da 'yan kai ba, kuma ko a Najeriya 'yan Filato, musamman na wajen Pankshin, sun riga mu a dogon gudu saboda tudun da suke zaune a kai. Duwatsunmu na mutanen gari ne tukuna. Idan yaran Dass ko na Toro suka taso suna tsere a kansu har aka samu gwani, wannan riba ce da ta zo daga baya.

Aikin da ake bukata bayan an tsare hanyar ɗan kaɗan ne. Fenti a jikin dutse da ke nuna inda za a bi, allo a gindin hawa mai faɗin nisan tafiyar da wahalarta da Hausa da Turanci, 'yan matakala na dutse a inda ruwa ke cin ƙasa, da wurin ajiye babur. Wanda zai riƙe wannan aiki kuwa mutanen wurin ne. Kada a wayi gari makiyayi da mai itace, waɗanda suka yi hanyar, su ga an kafa ƙofa an ce sai da tikiti. A zauna da mai unguwa da dagaci, a ɗauki matasan ƙauyen da mafarauta a matsayin 'yan rakiya da ake biya, a kuma tambayi dattawa inda ba a so baƙo ya taka, domin wasu duwatsun ƙasar nan suna da kaburbura da kufai da wuraren al'ada waɗanda masu su ke girmamawa. A ware wa mata lokacinsu ko ranarsu, su hau a ƙungiya da rakiyar da suka yarda da ita, in ba haka ba za a yi abin ne rabin gari na kallo daga nesa.

Haɗari kuma akwai shi, bai kamata a ɓoye ba. Yankin nan na macizai ne, musamman kububuwa, wadda ke son ƙasa mai duwatsu, kuma ba banza ba cibiyar jinyar saran maciji da ta fi suna a ƙasar nan take Kaltungo, a maƙwabciyarmu Gombe. Mai hawa ya sa takalmi mai rufe idon sawu, kada ya cusa hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse, idan kuma tsautsayi ya faɗa a nufi asibiti kai tsaye, ban da tsaga wurin ko ɗaure shi tamau. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, wanda bai sauko ba kafin hantsi ya ɗauko wa kansa wahala, kuma da damina falalen dutse ba ya yafiya. Sai batun tsaro, wanda shi ne ya fi damun mutane. Ba kowane dutse ne za a ce a hau ba a halin da ake ciki, kuma dazukan da ke nesa da gari sai da shawarar jami'an tsaro da mutanen wurin. Amma game da duwatsun da ke jikin gari, ina ganin barinsu babu kowa shi ne ya fi haɗari, domin wurin da mutanen kirki suka daina zuwa shi ne 'yan shaye-shaye da ɓata-gari ke mayarwa mafaka.

Wanda ya hau zai kuma ga tarihin jiharsa da idonsa. Zanen da mutanen dauri suka yi a jikin duwatsun Geji da na Shira yana nan, kuma duwatsun Ningi ne suka ba Malam Hamza, malamin da ya yi hijira daga ƙasar Kano, da mabiyansa mafaka a tsakiyar ƙarni na 19 har suka gagari sarakunan Kano da Bauchi. Mun saba idan aka ce yawon buɗe ido sai hankali ya tafi Yankari da ruwan Wikki, ko Sumu, wuraren da sai an tanadi mota da kuɗin shiga. Malamin makarantar firamare kuwa zai iya kai ajinsa dutsen da ke bayan unguwa da ƙafa, ya nuna musu garinsu daga sama, ya dawo da su kafin azahar.

Hukumar raya birane da ma'aikatar filaye za su iya farawa da duwatsu uku ko huɗu mafi kusa da gari a cikin rani ɗaya: a bi kowace turba da na'urar awo tare da mai unguwar wurin, a bar mata faɗin da bai gaza na lungu ba daga bakin titi zuwa gindin dutsen, a kafa turaku, sannan a hana ba da takardar mallaka a kan abin da aka ware. Inda aka riga aka sayar, a biya mai fegin diyya tun yana fili, domin diyyar fili ba ɗaya take da ta ginannen gida ba.