Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, aunawa ce ba a yi ba

Kun dai ga abin da ya faru jiya bayan La'asar, ba sai na maimaita ba. Uba ya tsaya ƙofar masallaci yana kiran ɗansa daƙiƙi a gaban jama'a, wai don karo na uku ke nan makinsa na JAMB, jarrabawar shiga jami'a, bai kai na likitanci ba. Madalla, Alhaji. Ka gyara shi ke nan.

Wanga yaro da ake zagi, rabin solar unguwarmu shi ya haɗa. In inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, ta yi ƙara, kafin ya kwance ta ya gaya maka inda ciwon yake. Amma shekara uku ana tura shi haddar Bayoloji, abin da tun yana SS1 bai taɓa wuce masa maƙogwaro ba. Takardun sakamakonsa na nan cikin durowa. Wa ya taɓa jera su ya duba? Lissafi da Fiziks kullum sama, Bayoloji kullum ƙasa. Ba sai an je wurin mai duba ba, takarda ta riga ta faɗa.

Auna kai da ake ta surutu a kansa a tarurruka, ai wannan ne. Ka zauna ka tambayi kanka, wane aiki ne ke sa ka manta da tuwo? Mi mutane ke bugo maka waya ka yi musu? Sannan ka sami wanda ba ya jin kunyarka, malaminka ko ubangidanka na sana'a, ya faɗa maka inda kake da rauni. Yaron nan ba a taɓa barinsa ya yi haka ba. An yanke masa riga tun ba a gwada shi ba.

Na san za a zo a ce uba ya fi ɗa sanin abin da ya dace da shi. Naji. Wasu su ce addu'a ce maganin komai. Ku yi ta yi, mu ma muna yi, amma JAMB maki 400 ce a darussa huɗu, kuma kwamfuta ba ta san Alhaji ba.

Wallahi abin ya taɓa min zuciya. A nan Sakkwato, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai cibiyar binciken makamashi da ke aiki kan hasken rana, ga kuma foliteknik ta Umaru Ali Shinkafi. Da an musanya masa Bayoloji da Lissafi tun fom ɗin JAMB na farko, da wani zance ake yi yanzu. Shehu Shagari ma da alli ya fara kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Af, tunda an taɓo solar, masu sayar da batir ku ji tsoron Allah. Zafi ya haura digiri 40, wuta babu, ku kuma kowane mako da sabon farashi. Batir ɗina tun Juma'a ba ya kai asuba, kuma yaron da zai duba min shi ya kashe wayarsa.