Akawun kotu ma sai da ƙuri'a

Wata Asabar ce cikin Oktoban 2024. Ganyayen bishiyoyin unguwarmu a jihar Ohayo ta Amurka sun koma ja da ruwan ɗorawa suna zuba a kan hanya, kowane gida ya jera kabewa a bakin ƙofa, an kuma kakkafa ƙananan alluna masu sunayen 'yan takara a ciyawar gaban gidaje. Ina shan shayi aka danna ƙararrawa. Ko da na buɗe sai ga wata dattijuwa da takalmin motsa jiki, rungume da takardu. Ba jiniya, ba 'yan rakiya, ba maroƙi. Ta ce ƙuri'ata take nema, tana takarar magatakardar kotun gundumarmu.

Sai da na sa ta maimaita. Ashe kusan kowace gunduma cikin 88 da jihar ke da su zaɓen mai wannan kujera take yi, wa'adin shekara huɗu, kuma sunansa na kan takardar ƙuri'a ɗaya da ta shugaban ƙasa, can ƙasa-ƙasa. Ofishin ne ke karɓar takardun ƙara, ya adana fayil, ya karɓi kuɗin kotu da tara, ya aika sammaci. Har takardar mallakar mota daga can take fitowa. Na taɓa zuwa da na sayi tsohuwar Toyota: na ciri lamba a wata na'ura, na zauna, lambar ta fito a allo, na biya abin da ke rubuce, aka miƙo mini rasit.

Tana tsaye a bakin ƙofa ta zayyano mini abin da za ta yi. Tsofaffin fayilolin da ke jibge a kwalaye za a ɗauki hotonsu a zuba a kwamfuta, ta yadda mutum zai duba inda shari'arsa ta kwana daga wayarsa. Za a riƙa tura saƙon tes kafin ranar zaman kotu, don a cewarta da yawan waɗanda ake ba da umarnin kamo su mantuwa ce kawai ta hana su zuwa. Wanda ba shi da kuɗin lauya a ware masa tebur da ma'aikacin da zai nuna masa fom ɗin da zai cika. Da ta ji harshena, sai ta tambaye ni ko na taɓa buƙatar tafinta.

Bayan ta tafi shayin ya huce a hannuna, don tunanina ya koma gida Najeriya. Shari'ar gadon mahaifinmu ta kai shekara uku, kuma ba alƙali ne ya riƙe mu ba. Fayil ne. Yau yana wurin rajistara, gobe mai makullin kabad ya tafi ta'aziyya, jibi an ce ba a gan shi ba sai an bincika, kuma kun san abin da "bincike" yake nufi. Ana cikin haka ma'aikatan shari'a na ƙungiyar JUSUN suka shiga yajin aiki a Afrilun 2021, kotunan ƙasar suka zauna a garƙame har wata biyu.

Ban ce a kwaso tsarin nan a kai mana ba. Su ma da yawansu ba su san sunan magatakardarsu ba, jam'iyya kawai suke bi su dangwala. Kuma wanda ya san ɗakin ajiyar fayil na kotunanmu, ba wuta, ba fanka, ga gara, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata, zai sassauta wa akawu. Wani abokin aikina Bature ya taɓa cewa ai a Afirka komai sai da cin hanci, na kuwa tsaya masa, domin na san akawun da ya mayar wa ƙanena kuɗinsa ya ce aikinsa ne. Amma dai ita wannan mata, in ta gaza, akwai ranar da zan iya hukunta ta. Namu hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ce ke naɗa su, talakan da fayil ɗinsa ya ɓata kuwa bai san ko ƙofar hukumar ba. Muna kashe muryarmu kan gwamna da sanata, amma wa ya taɓa tambayar ɗan takara yadda zai gyara ɗakin fayil?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk zaman nan Hajiya ce ta yi shi, da ciwon gwiwarta, a kan bencin katako tun daga hantsi har azahar. Ni kuɗin mota kawai nake turawa. Ƙanena ya kira ni wani dare ya ce, "Yaya, yau ma an ce a dawo bayan sati biyu. Hajiya ta ce kada a gaya maka, wai kana da aiki da safe."

Ranar 5 ga Nuwamba na je rumfar zaɓe a wata makarantar firamare, na gangara ƙasan takardar na nemo sunan matar na cike mata. Da na fito mota na kira Hajiya. Ban yi mata zancen kotu ba, na tambaye ta gwiwa, ta ce da sauƙi, ta ce yaushe zan zo.