Yaron da muke ce wa dolo da tirelarsa ta gwangwani

A layinmu nan Maradi akwai wani yaro ɗan shekara tara, ba ya kallon idon mutum, in ka gaishe shi sai ya maido maka gaisuwarka yadda ka faɗe ta, in ɗan kabu-kabu ya murza totur kusa da shi sai ya toshe kunnuwa ya durƙushe. Lekol tun aji biyu aka maido shi gida, mushe ya ce ba ya ɗauka. Mata na cewa aljanu ne, har ruƙiyya an yi.

To amma ka shiga zaurensu ka ga tirelar da ya haɗa da gwangwanin madara da waya da marfin kwalba. Sauran yara mota suke yi don su ja a guje, shi kuwa har madubi, har igiyar ɗaure tamfol, har tayar ko-ta-kwana a ƙarƙashi, sak irin masu bin hanyar Dan Issa. Kuma wallahi in ka gusar da taya guda sai ya gane.

Likitoci otizim suke kiran wannan, a rediyo kuma ka ji an ce galahanga, kalmar da ni ba ta kwanta mini ba don ta haɗa lalurori kala-kala a kwando guda. Tun 1943 wani likita Leo Kanner ya bayyana shi a Amurka bayan ya bibiyi yara 11, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2023 ta yi kiyasin kusan yaro 1 cikin 100, to lissafa da yawan ɗiyan da ke garin nan.

An daɗe ana cewa irin yaran nan ba su da basirar ƙirƙira tunda abu guda suke ta nanatawa. Ni ban yarda ba, basirar tana nan, hanyarta ce daban. A 2015 masana daga jami'o'in Stirling da East Anglia a Birtaniya sun ce wa mutane su lissafo amfanin da za a iya yi da bulo, masu alamomin otizim da yawa amsoshinsu ba su kai na saura yawa ba amma nasu sun fi zama waɗanda ba kowa zai kawo ba. Wato mu muna fara zubo abin da kowa ya sani, su sai su tsallake shi.

Dubi Temple Grandin, Ba'amurkiya mai otizim da sai da ta haura shekara uku kafin ta fara magana, yau farfesa ce a Colorado kan harkar dabbobi. Ta riƙa shiga lungun da ake kora shanu ta duba abin da saniya ke gani, inuwa, sarƙa mai lilo, ƙyallin ruwa a ƙasa, ƙananan abubuwan da ke sa ta turje mu ba mu ko lura, sai ta tsara lungu mai lanƙwasa. Duk wanda ya taɓa fama da loda sa a mota a kara ya san darajar wannan. Ga Stephen Wiltshire na Landan, shi ma mai otizim, da ake zagayawa da shi a helikwafta ya sauko ya zana gari da ka.

Sai dai kar a sayar wa iyaye mafarki. Da yawan yaran nan ba su da wata baiwa ta a-zo-a-gani, wasu ko magana ba za su yi ba, uwa ce ke wanka da ciyarwa har girma, kuma su ma ba sai sun burge mu za a daina dukansu ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne sana'o'inmu na gado ido da naci suke so, ɗinkin hula, dukanci da fatar jar akuyarmu, aiki a wuyan riga, duk zama ne shiru ana maimaita zane har hannu ya fito da sabo. Uban yaron nan ya ce walda zai kai shi, na ce Malam yaron da ƙarar babur ke durƙusarwa ina shi ina injin yankan ƙarfe? Akwai wani tsohon baduku a bayan kasuwa mara hayaniya, ya yarda yaron ya riƙa zuwa da hantsi in uwar za ta zauna da shi kwanakin farko.