Girmama Allah daga Litinin zuwa Asabar

Ƴan'uwana a cikin Almasihu, musamman mu mazauna Damagaram, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tattauna ta a fili. Mun saba auna bangaskiyar mutum da abin da muke gani ranar Lahadi, wato ko yana zuwa sujada da wuri, ko yana cikin mawaƙa ko zumuntar mata, ko yana kawo ushiri da baiko. Ba na raina ko ɗaya daga ciki. Amma sujada sa'a biyu ce ko uku, sauran kwanakin mako kuwa muna kasuwa, muna ma'aikata, muna layin famfo, kuma a waɗannan wurare ne ake yabon sunan Allah ko a zarge shi ta dalilinmu.

Mu tsiraru ne a garin nan. Tun 1924 masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka fara aiki a nan Zinder, kafin ma a mayar da babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa. Duk da haka, yawancin maƙwabtanmu na Birni da Zango ba su taɓa taka ƙofar majami'a ba, ba su kuma taɓa buɗe littafin ba. Abin da suka sani game da Yesu Almasihu, a halinmu suke ganinsa. Kowace unguwa ta san gidan Kiristan da ke cikinta, kuma ranar da ɗayanmu ya ci bashi ya ƙi biya, ba sunansa kaɗai za a ambata ba, har addininsa za a haɗa. Wannan nauyi ne babba, amma Ubangiji da kansa ya ɗora mana shi a Matiyu 5:16, inda ya ce haskenmu ya haskaka a gaban mutane domin su ga kyawawan ayyukanmu su ɗaukaka Ubanmu na sama.

Ina roƙon kowa ya karanta Littafin Firistoci sura 19 a natse. Surar ta fara da umarnin mu zama masu tsarki domin Allah mai tsarki ne. Daga nan sai ta gangaro gona, ta ce kada a girbe har gefe, a bar wa matalauci da baƙo kala. Ta ce kada ladan ma'aikaci ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, ta kuma hana zamba a awo da ma'auni. A tsakiyar waɗannan dokoki ne aka ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. A wurin Allah, ashe, tsarki yana da hannu a cikin buhun hatsi da kuɗin lebura.

Mu ɗauki tiya. Duk wanda yake shiga Kasuwar Dole ko kasuwannin ƙauye ya san dabarar tiya biyu: babba ta saye daga hannun manomi, a cika ta har ta yi tozo, da ƙarama mai lotsattsen gindi ta sayarwa. Mace za ta zo da goyo, ta kwance bakin zane ta ƙirga kuɗin tiya ɗaya ta gero, mai awo ya karkata kwanon kaɗan, ya share bakinsa da tafin hannu, ta tafi ba ta san an rage mata furar yara ba. Karin Magana 11:1 ya kira ma'aunin zamba abin ƙyama ga Ubangiji, kuma a aya ta 26 ta wannan sura an ce jama'a suna la'antar mai ɓoye hatsi. Ba na cewa ciniki ko riba laifi ne. Amma ɗan'uwan da ya kulle rumbu yana jiran tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, domin ya matse maƙwabtansa, ya kamata ya tambayi kansa ko Allah zai karɓi ushirin da zai fito daga wannan ribar.

Maganar lada ta fi shafar gidajenmu kai tsaye. Kowa ya san wahalar ruwa a garin nan mai duwatsu, balle a bazara. Ga-ruwa zai turo kura cike da jarkoki cikin zafin rana, ya juye mana a randa, zufa tana zuba, sai a ce masa ya dawo gobe ba canji. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke da shara, ita ce ta farko a tashi, ita ce ta ƙarshe a cin abinci, kuɗinta kuwa sai wata ya shige wata. Sau da yawa ba rashi ne yake kawo haka ba, sakaci ne da raina wanda ba shi da bakin magana. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka hana ma'aikata yana kuka, kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji. Gidan da ake addu'ar safe kullum bai kamata a ji irin wannan kuka daga cikinsa ba.

Haka alkawari. Tela ko makanike ko magini da ya ce Alhamis, alhali ya san ko Asabar ba zai gama ba, ya saɓa wa Matiyu 5:37, inda aka ce i ɗinmu ya zama i, a'a kuma a'a. Ma'aikacin da yake ajiye takardar talaka a ƙasan tebur har sai an ba shi na goro, shi ma ya tuna cewa bayi ne Bulus yake yi wa magana a Kolosiyawa 3:23, da ya ce su yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar Ubangiji suke yi wa.

Babu wani a cikinmu da ya manta ranar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a garin nan, washegari kuma wutar ta kai Yamai. Shugabannin ikilisiya sun yi kira ga gafara, kuma sun yi daidai. Sai dai gafara tana da aikinta na yau da kullum: zuwa gaisuwar ta'aziyya a zauna a kan tabarma tare da jama'a, zuwa barkar suna, aika kwanon abinci ranar Kirsimeti, karɓar naman layya da godiya, duba maƙwabci a asibiti. Yin haka bai rage mana komai daga bangaskiyarmu ba, kuma ba dabarar neman kariya ba ce. Umarni ne da aka ba mu.

Na san wani zai ce ai da alheri aka cece mu, ba da ayyuka ba. Gaskiya ne, haka Afisawa 2:8 ta ce, amma aya ta 10 ta ƙara da cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Wani kuma zai ce idan ya auna daidai alhali na kusa da shi yana ragewa, kasuwa za ta kayar da shi. Ba zan yi masa alkawarin arziki ba, domin gaskiya takan jawo asara, kuma akwai masu aminci da suka rayu suka mutu cikin talauci. A nan ne ikilisiya take da aiki, ta hanyar sayen kayan irin wannan ɗan'uwa da tallafa masa idan jarinsa ya karye.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, cikin ladabi, su riƙa kawo batun awo da bashi da ladan ƴar aiki a kan bagade da sunansu, yadda annabi Amos ya yi. Kafin cin Jibin Ubangiji kuma, a tuna mana Matiyu 5:23-24, domin wanda yake riƙe da kuɗin ga-ruwa ko na mai wanki ya fara zuwa ya sallame shi tukuna.